Kafin a Ce "Sai an Yi Mata Formatin"



Sharhinmu na yau na masu kwamfuta ne. Mai shagon buga takardu da katin biki, akawun makaranta, ɗalibar da ke rubuta kundin kammala karatu, mai kemis da ke ajiye lissafin magungunansa a na'ura, ma'aikacin da aka damƙa wa bayanan albashi. Kowannensu yana da ranar da zai danna makunni, kwamfuta ta yi ta nuƙu-nuƙu kafin ta tashi. Kashegari ta daskare ana tsaka da aiki. Bayan kwana biyu allo ya yi shuɗi, ko a ji wani ƙas-ƙas yana fitowa daga cikinta. Sai a naɗe ta a nufi wurin mai gyara, kuma sau da yawa abin da za a fara ji shi ne: "Yallaɓai, sai an yi mata formatin." Wannan kalma, wato a share faifai a sake sa Windows, ta jawo wa mutane asara mai yawa da ba ta zama dole ba, shi ya sa nake so mu zauna a kanta yau.

A cikin kowace kwamfuta akwai faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had dis. Tsohon samfurinsa faya-fayai ne masu sheƙi da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, wata 'yar allura tana shawagi a samansu tana karatu tana rubutu ba tare da ta taɓa su ba. Ratar da ke tsakaninta da faifan ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Kamfanin IBM ne ya fara fitar da irinsa a shekarar 1956, faya-fayai 50 a jere, kowanne faɗin inci 24, kuma duk abin da suke iya ɗauka bai wuce megabayit 5 ba. Yau mai ɗaukar gigabayit 500 yana shiga aljihun riga, amma har yanzu inji ne mai motsi, kuma duk abin da ke motsi yana gajiya. Sabon samfurin, wato SSD, ba shi da abin da ke juyawa a cikinsa. Shi ma yana mutuwa, sai dai nasa yakan zo shiru, babu ƙara babu sallama.

To, faifan da kwamfuta ke tashi da shi ya bambanta da sauran. A kansa Windows take zaune, a kansa manhajojinka suke, kuma akwai wasu ƙananan sassa a ɓoye da ba ka ganinsu ko da ka buɗe kwamfutar kana duba fayiloli. Ɗaya daga ciki bai fi megabayit 100 zuwa 300 ba, amma shi ne ke nuna wa na'urar inda Windows take duk lokacin da aka kunna. Idan babu shi, kome yana nan daram amma kwamfuta ba za ta tashi ba.

Mai gyara zai ce maka: "Kada ka damu, na kwashe maka fayilolinka." Kuma gaskiya ya faɗa, ya kwashe abin da ke kan allo da abin da ke foldar takardu da ta hotuna. Sai an koma shago ake gane abin da aka bari a baya. Mai buga katin biki ya buɗe CorelDRAW, ya tarar salon haruffan da ya shekara biyar yana tarawa babu ko ɗaya, tsofaffin zane-zanensa duk sun birkice. Tsohuwar firintar da ke masa aiki lafiya ta ƙi motsi, domin manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta ta tafi, kuma kamfanin ya daina bayar da ita. Ma'aikacin ofis ya nemi wasiƙunsa na Outlook na shekaru, ashe suna cikin fayil guda da ba wanda ya tuna da shi. Kalmomin sirrin da burauza ke tuna maka, waɗanda kai kanka ka manta su, sun bi ruwa. Manhajar lissafin kuɗi tana ajiye bayananta a wani lungu na daban. Madannan da ka sha wahala kafin ka saita don rubuta haruffanmu masu lanƙwasa, sai an sake daga farko. Da yawa daga cikin waɗannan suna zaune a wata folda mai suna AppData, wadda Windows ke ɓoyewa da gangan. Wannan duka dukiya ce, domin lokaci aka zuba aka tara ta, wani abin ma kuɗi aka biya.

Ba ina ɗora wa masu gyara laifi gaba ɗaya ba ne. Formatin shi ne aiki mafi sauri, awa ɗaya an gama. Mai kaya yana tsaye a kansa yana cewa yau yake so, kuma ba ya son biyan kuɗin aikin kwana biyu. Mu masu kawo gyara muna da namu kason. Amma abin da ya fi damuna shi ne formatin ɗin da ake yi a kan faifan da shi kansa ne ba shi da lafiya. An share kome, an sa sabuwar Windows a kan faifai mai mutuwa, bayan mako uku matsala ta dawo, ga kuma bayanai an riga an rasa.

Saboda haka tambayar farko ita ce: Windows ce ta rikice, ko faifan ne ke mutuwa? Amsar ba ta da wuyar samu. Kusan kowane faifai yana riƙe da rahoton lafiyarsa da kansa, tsarin da ake kira SMART. Akwai wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke karanto wannan rahoto cikin daƙiƙoƙi. Shuɗi ta nuna, lafiya. Ruwan ɗorawa, a yi hattara. Ja, abu ya ɓaci. Abin da za a fi duba shi ne adadin gurabun da suka lalace har faifan ya ƙaurace musu, da adadin waɗanda yake ƙoƙarin karantawa ya kasa. Ka roƙi mai gyara ya buɗe maka wannan ka gani da idonka kafin a taɓa kome.

A shekarar 2007 injiniyoyin Google sun fitar da wani bincike da suka yi a kan faya-fayansu sama da 100,000. Sun gano cewa faifan da aka fara samun kuskuren karatu a jikinsa, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta lafiyayye sau 39. Sun kuma gano cewa kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a rahoton ba ko kaɗan. Ma'ana, in rahoto ya ce akwai matsala, ka yarda da shi nan take. In kuma ya ce lafiya alhali kunnenka na jin ƙara, kwamfuta na daskarewa, fayiloli na ƙin buɗewa, to ka yarda da kunnenka.

Yanzu ga zuciyar maganar, kuma ina roƙon mai sauraro ya riƙe ta ko da ya manta sauran. Faifan da ya fara mutuwa, sauran aikin da zai iya yi ƙidayayye ne, kuma ba wanda ya san adadinsa. Wataƙila awa 50 ce ta rage masa, wataƙila biyu. Duk kunnawa, duk karatu, ana cin wannan ragowar. Ɗakin ƙasa ne da ya fara tsagewa a tsakiyar damina: kaya ake fara fitarwa, yaɓe sai daga baya. Amma abin da mutane ke yi shi ne akasin haka. A kashe a kunna, a kashe a kunna, ko za ta dawo hayyacinta. A saki manhajar kashe bairos ta bi kowane fayil ɗaya bayan ɗaya. A sa chkdsk, umarnin Windows na binciken faifai, ya kwana yana lalube faifan daga farko har ƙarshe yana rubuce-rubuce a kansa. Wani ma ya sa manhajar da ke sake jera fayiloli, wai don ta ƙara sauri. Duk waɗannan suna da amfani a kan lafiyayyen faifai. A kan mara lafiya kuwa, suna ƙone ɗan ƙarfin da ya kamata a yi ceto da shi.

In kwamfutar tana iya tashi har yanzu, ka yi amfani da wannan dama sau ɗaya, da tsari. Sa filasha, ka fara da abin da ba shi da madadi kuma ba shi da nauyi: kundin karatu, takardun lissafi, fayil ɗin manhajar kuɗi, hotunan iyali. Finafinai da waƙoƙi su jira, ana samunsu a wani wuri. Sannan, kafin ka kashe, akwai wani abu da mutane da yawa ba su san yana kansu ba. Sababbin kwamfutoci masu Windows sukan zo da makullin BitLocker a kunne, wanda ke rufe duk abin da ke faifan ta yadda ba ya karantuwa sai a cikin wannan na'ura. Daga fitowar Windows 11 ta 2024 abin ya ƙara yaɗuwa, yana kunna kansa da zarar an shiga da asusun Microsoft wajen sa sabuwar Windows. Mabuɗinsa lambobi ne guda 48, yawanci suna ajiye a asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga da shi. In aka ciro faifan aka kai wata na'ura, za a tambaye ka su. In babu su, babu mai gyaran da zai buɗe maka, kamfanin ma ba zai ƙirƙiro maka wasu ba. Wannan babban tarko ne ga wanda ya sayi kwamfuta ta hannu, ko wanda wani yaro a shago ya buɗe wa asusu da imel ɗin da ba nasa ba. Ka nemo lambobin nan yau, ka rubuta su a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardun gida.

Da an gama wannan, a kashe. Mataki na gaba shi ne kwafi sak, abin da masu gyara ke kira kulonin. Bambancinsa da kwashe fayiloli shi ne ana ɗaukar faifan dungurungum, da sassan ɓoye, da Windows, da manhajoji, da saituna, a zuba a sabo, ta yadda in aka kunna sai ka ga allonka yadda ka bar shi. Ba a yin wannan da Windows ɗin da ke kan faifan mara lafiya. Ana tayar da kwamfutar ne daga filasha, sabon faifan kuma a haɗa shi da 'yar wayar USB ko a saka shi ciki in akwai gurbi.

In lalacewar faifan ba ta yi nisa ba, manhajar Clonezilla ta isa. Kyauta ce, wata cibiyar kwamfuta ta gwamnatin Taiwan ce ta samar da ita. Kamfanoni irin su Samsung da Crucial ma suna bayar da tasu manhajar ga wanda ya sayi faifansu. Amma irin waɗannan an gina su ne don lafiyayyen faifai. Suna isa wurin da ya lalace sai su tsaya, ko su yi ta maimaita karatu a wuri ɗaya, wanda shi ne abin da muke gudu.

Ga faifan da ke da gurabu lalatattu, abin da nake ba da shawara shi ne ddrescue, aikin wani mai rubuta manhaja da ake kira Antonio Diaz Diaz. Ita ma kyauta ce, tana cikin tarin kayan ceto na SystemRescue. Ina so masu gyara da ke saurare su kasa kunne a nan, domin dabarar tata abin koyo ce. Tana fara bin faifan da sauri tana kwashe duk inda ke karantuwa cikin sauƙi. Ta ci karo da wuri mai wuya, ba ta tsayawa jayayya, sai ta yi masa alama ta tsallake. Sai ta gama tattara mai sauƙin, wanda galibi shi ne mafi yawa, sannan ta dawo kan wuraren da ta tsallake, tana matsowa daga gefe da gefe, tana tsinto abin da za ta iya gurbi-gurbi. Ko da faifan ya mutu a tsakiyar aiki, mafi yawan kayan sun riga sun tsallaka. Sannan tana riƙe da wani ɗan fayil da take rubuta inda ta tsaya. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sanarwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. An ɗauke wuta, an dawo da ita, sai ta ɗora daga inda ta kwana. Duk da haka kada a dogara da shi a yi sakaci, domin yankewar wuta kwatsam tana iya ƙarasa faifan da ke kan gaɓa. Aikin na iya cin awa shida, yana iya cin kwana biyu. A tanadi inbata, ko sola, ko man janareta kafin a fara, a kuma sa fanka ta riƙa kaɗa faifan, musamman da bazara.

Akwai kurakurai biyu da nake so a kiyaye. Na farko shi ne mafi muni: a juya alƙibla, a kwafi sabon faifan da babu kome a kansa a zuba a kan tsohon. Waɗannan manhajoji ba sa kiran faifai da sunan da ka saba gani, haruffa ne kawai masu kama da juna, kuma abin da aka umarce su shi suke yi. A duba sunan kamfani da girma da lambar jikin kowane faifai, a sake dubawa, sannan a danna. Na biyu shi ne girma. Kwafi sak irin na ddrescue yana buƙatar sabon ya kai tsohon ko ya fi shi. Mai gigabayit 500 ba zai shiga mai 480 ba, ko da rabinsa fanko ne. A sayi mai 512 ko sama.

In kuwa faifan ya kai ga ƙas-ƙas ba ƙaƙƙautawa, ko na'ura ba ta ganinsa sam, to a cire masa wuta a bar shi. Wannan ƙara sau da yawa allurar ce ta sami matsala, kuma in tana gogar faifan, kowane juyi yana kankare bayanan da ba za su dawo ba. Kada a sa shi a firiji kamar yadda wasu ke faɗa, raɓa za ta taru a ciki. Kada a kwance shi a kan tebur don a leƙa. Ƙwayar ƙurar hunturu guda ɗaya ta fi ratar da ke tsakanin allura da faifai girma nesa ba kusa ba. Irin wannan aikin na ƙwararru ne masu ɗaki na musamman da ake tace iskarsa, kuma yana da tsada. Mai kaya ne zai auna ko abin da ke ciki ya kai kuɗin.

Game da sabon faifan, in hali ya yi a sayi SSD. Tsohuwar kwamfuta takan farfaɗo da shi fiye da yadda ake zato, kuma ya fi jure jijjigar hanya ga mai yawo da laftof a jaka. A fara duba irin gurbin da na'urar ke da shi, domin akwai mai faɗi na inci 2.5, akwai siriri da ake soke wa a jikin allon ciki. Wanda zai sayi na hannu, ko a titin Beirut na Kano, ko Banex a Abuja, ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ya sa a buɗe masa rahoton lafiyar nan kafin ya biya. Rahoton yana nuna awannin da faifan ya yi yana aiki tun da aka ƙera shi. Awa 26,000 kusan shekara uku ke nan a kunne dare da rana. Babu hikima a gudu daga faifai mai mutuwa a faɗa kan tsararsa.

An gama kwafi, sai a ciro tsohon gaba ɗaya kafin a kunna. Faya-fayan biyu yanzu suna ɗauke da shaida iri ɗaya, in suka haɗu a na'ura guda Windows na iya rikicewa. In sabon ya tashi, alhamdulillahi. In bai tashi ba, kada hankali ya tashi, kada kuma a ce aikin ya ɓaci. Sau da yawa ɗan sashen nan na tashi ne ke son gyara, kuma filashar sa Windows tana da kayan gyara shi cikin mintuna. Yanzu ne lokacin chkdsk da sauran gyare-gyare, a kan lafiyayyen faifai da zai iya ɗauka. Batun lasisi kuma, canza faifai kaɗai ba ya raba ka da shi. Tun zamanin Windows 8 kamfanoni ke dasa lambar lasisin a jikin allon cikin na'urar, daga Windows 10 kuma Microsoft na gane na'urar da kanta in ta hau intanet.

Wani zai ce, to ashe babu ranar formatin ke nan? Akwai. In bairos ya ci Windows, ko lalacewar ta faɗa kan fayilolinta na asali, ko kuma na'urar na kan Windows 10 wadda Microsoft ta janye mata tallafi na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025 kuma ana son hawa ta gaba, sabon zubi ya fi. Amma a yi shi a kan sabon faifai, bayan an riga an ɗauki kwafin tsohon an ajiye a gefe. Duk abin da aka tuna daga baya, salon haruffa ne, wasiƙu ne, akwai inda za a koma a ɗauko.

Ka yi mako biyu ko uku kana aiki da sabon kafin ka yanke hukunci a kan tsohon. Buɗe manhajar lissafi ka duba watannin baya. Buga takarda. Buɗe tsofaffin hotuna ka ga ko wasu sun zo a yage, domin abin da ya faɗa a gurbin da ya lalace yakan zo da naƙasa. A wannan tsakanin ka sayi faifan waje ka yi kwafi na biyu, muhimman takardu kuma ka tura su ma'ajiyar intanet, don kada ranar da sabon zai gaji ta same ka da kwafi ɗaya tak.

Tsohon faifan kuma, ka karɓo abinka daga shago, kada ka bar shi a kwandon mai gyara. Faifan da ya kasa tayar da kwamfuta sau da yawa yana karantuwa a hannun wanda ya iya, kuma a cikinsa akwai hotunan matan gida, da hoton katin ɗan ƙasa, da lambar BVN, da sunayen ɗalibai ko marasa lafiya ko masu bashi da aka ba ka amana. In ka tabbata ka gama da shi, mai juyawa ne, a huda shi da injin huji wuri uku ko huɗu ta kan faya-fayan. SSD ne, a buɗe murfin a farfasa baƙaƙen ƙwayoyin da ke jere a ciki ɗaya bayan ɗaya, sannan a ba 'yan gwangwan.